Shin Ko Kun San? Sunaye 22 da Kwamfuta Ta Hana a Raɗa wa Fayil

Daga ofisoshin gundumar Mayahi har zuwa shagunan buga takardu na Tasawa da Maraɗi, kwamfutar da za ku tarar a kan tebur galibi Windows ce a cikinta. Wannan manhaja tana da wasu ƴan sunaye da ta keɓe wa kanta tun ba a haifi yawancin masu danna ta a yau ba. Duk manhajar da ke son zama lafiya da Windows, dole ta san su, ta kuma san yadda za ta kauce musu. Ga labarinsu a taƙaice.

Sunayen da kansu

Shin ko kun san sunayen nan 22 ne? Huɗu na farko su ne CON, PRN, AUX da NUL. Sai COM1 zuwa COM9, sai LPT1 zuwa LPT9. Babu ruwan Windows da ko manyan baƙaƙe kuka sa ko ƙanana: con, Con da CON duk abu guda ne a wurinta.

Shin ko kun san ɗaya daga cikinsu ya yi karo da fadar shugaban ƙasar Nijar? Shekara da shekaru lambobin dokokin da ke fitowa daga fadar suna ɗauke da baƙaƙen PRN, wato gajeren sunan fadar da Faransanci. To a ce sakataren magajin gari yana son ya tara irin waɗannan dokoki wuri guda. Ya danna gefen dama na linzami, ya buɗe sabuwar folda, ko dosiye kamar yadda ake cewa a ofis, ya goge sunan da ta zo da shi, ya rubuta PRN, ya danna Enter. Nan take wani ɗan akwati zai fito yana cewa sunan na'urar da aka bayar bai inganta ba, folda kuma ta koma kan sunanta na farko. Bawan Allah bai ambaci wata na'ura ba. Amma a wurin Windows, PRN sunan firinta ne, ba na fada ba.

Shin ko kun san birnin Maraɗi ma ya faɗa wannan tarko? An raba shi ƙananan hukumomi uku, Yamai da Damagaram kuma biyar-biyar. Mai tattara rahoto da ya ga dama ya taƙaita sunayensu zuwa COM1, COM2 da COM3 ba zai samu folda ko ɗaya ba. Malamin firamare kuwa da ya buɗe wa ajinsa CM1 da CM2 zai wuce lami lafiya. Harafi ɗaya ne tak ya raba su.

Shin ko kun san NUL, AUX da CON kalmomi ne da ake furtawa kullum a Faransanci, harshen aikin ofis na Nijar? NUL shi ake rubutawa a kan ƙuri'un da suka lalace, da wasan ƙwallon da aka tashi kunnen doki. AUX kalma ce da ke buɗe adireshin wasiƙu, kuma da ita ake taƙaita sunan ƙananan ma'aikata. CON kuwa mai taƙaita sunan majalisa zai iya rubuta shi, ko da yake a bakin Bafaranshe zagi ne. Dokar Windows ba ta hana kalmar shiga cikin suna mai tsawo ba. Abin da ta hana shi ne ta tsaya ita kaɗai, ko ɗigo ya biyo bayanta kai tsaye. A Windows 10 da waɗanda suka gabace ta, aux parents.docx zai shiga, amma aux.parents.docx ba zai shiga ba.

Shin ko kun san kowane suna yana da mai shi? CON na allon rubutu ne da fuskar kwamfuta a haɗe. PRN na firinta ne, kuma bisa al'ada yana nufin LPT1, wato faffaɗar kafar nan mai ramuka 25 da ake jona tsoffin firintoci. AUX yana nufin COM1, kafar da ke tura bayanai ɗaya bayan ɗaya, wadda modem da linzamin da suke amfani da ita. NUL kuwa rami ne: abin da aka zuba masa ya tafi ke nan. Lamarin kamar ka shiga kowane gida a ƙauye ka ɗaga murya ka ce “Liman!” Ko da ɗanka ka raɗa wa wannan suna, limamin gari za a je a kira maka.

Shin ko kun san har gobe sunayen suna aiki? Ku buɗe baƙin allon umarni na cmd, ku rubuta copy con wasika.txt, ku danna Enter. Kwamfuta za ta yi shiru tana jira. Duk abin da kuka rubuta daga nan, layi bayan layi, tana tara shi. In kun gama ku danna Ctrl da Z tare, sannan Enter, sai ta ce an kwafi fayil ɗaya. Kun rubuta wasiƙa ba tare da buɗe Word ba, domin an kwafo ta ne daga CON, wato daga yatsunku. In kuma kuka rubuta echo sannu > nul, gaisuwar ta faɗa rami, ba za ku ga komai ba.

Daga ina suka fito?

Shin ko kun san sunayen sun girmi Windows? Tushensu yana cikin CP/M, manhajar da Gary Kildall ya rubuta a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1974. A can ana rubuta su da ɗigo biyu a ƙarshe, kamar CON: da LST:, a miƙa wa umarnin kwafi mai suna PIP. Dabarar ita ce a ɗauki na'ura tamkar fayil: umarnin da ke kwafe takarda daga faifai zuwa faifai, shi ne zai kwafe ta zuwa firinta.

Shin ko kun san Microsoft ba ita ta ƙirƙiro DOS, magabaciyar Windows, ba? Tim Paterson ne ya rubuta 86-DOS a 1980 a kamfanin Seattle Computer Products, ya kuma tsara ta yadda manhajojin CP/M za su yi sauƙin ƙaura zuwa kanta. Microsoft ta saye ta a 1981, ta fito a cikin kwamfutar IBM PC ranar 12 ga Agustan shekarar. Sunayen na'urori suka biyo ta cikin kayan gado.

Shin ko kun san DOS ta farko ba ta da folda ko ɗaya? Duk fayilolin faifai a fili ɗaya suke zube, saboda haka PRN guda ɗaya ne, babu ruɗani. Folda ta zo ne da DOS 2.0 a watan Maris na 1983, tare da IBM PC XT mai rumbun ajiya na megabait 10. Nan aka yi tsaye: in aka ce PRN yana aiki a wuri ɗaya kawai, tsoffin manhajoji za su daina buga takarda da zarar mutum ya shiga wata folda. Sai aka bar sunayen suna amsawa a kowace folda. An ma saka wani zaɓi mai suna AVAILDEV wanda zai tsare su a cikin \DEV kaɗai, amma da DOS 3.0 ta fito a 1984 aka cire shi.

Shin ko kun san dalilin da ya sa ƙara wutsiya irin .txt bai ceci suna ba? Raymond Chen, daɗaɗɗen injiniyan Microsoft, ya yi bayaninsa. Manhajojin wancan zamani sukan liƙa wa suna wutsiya da kansu. Manhaja ta tambaye ka inda za ta zuba sakamako, ka ce PRN, ita kuma ta mayar da shi PRN.LST ba tare da shawara ba. Don takarda ta isa firinta, dole DOS ta kau da kai daga wutsiyar. Sauƙin da aka yi wa mutanen 1981 shi ne ya hana masu Windows 10 ajiye nul.xlsx.

Shin ko kun san labarin da ake yaɗawa a waya, wai CON laƙabin tsokana ne da ake yi wa Bill Gates a makaranta shi ya sa ya haramta shi, ƙanzon kurege ne? Sunan yana cikin CP/M, wadda ba ta kamfaninsa ba ce.

Shin ko kun san akwai lokacin da ɗan gajeren adireshi ke kayar da kwamfuta? A Windows 95 da 98, in aka nemi a buɗe C:\con\con, sai allo ya koma shuɗi, komai ya tsaya cik. Masu mugunta suka riƙa ɓoye adireshin a shafukan intanet a matsayin hoto, wanda ya buɗe shafin kwamfutarsa ta faɗi. Microsoft ta fitar da gyara a watan Maris na 2000.

Shin ko kun san zuciyar Windows ta yau ba ta san wannan doka ba? Tun daga Windows NT ta 1993, wadda Dave Cutler ya jagoranci gininta, tsarin ajiya na NTFS yana karɓar suna irin con ba gardama. Mai hanawar wani ɓangare ne da ke bisa, wanda ke duba adireshi kafin ya miƙa shi ciki. In aka fara adireshi da \\?\ an ce masa ya miƙa yadda aka ba shi, kada ya taɓa.

Masu shiga tsakani

Shin ko kun san wayar Android da ke aljihunku ba ta da wannan matsala? A kan Linux aka gina ta, Linux kuma ta bi tsarin Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs a 1969. A wannan gida an ware wa na'urori unguwarsu, folda mai suna /dev. Ramin zubar da bayanai shi ne /dev/null, kafar COM1 kuma /dev/ttyS0. Wajen wannan unguwa kowa ya raɗa sunan da ya so. Rigima tana tashi ne ranar da fayil ya ƙetara daga wannan gida zuwa na Windows.

Shin ko kun san akwai manhajar da aikinta shi ne ta sa manhajojin Windows su yi aiki a kan Linux? Sunanta Wine. Bob Amstadt da Eric Youngdale suka fara ta a 1993, Alexandre Julliard ya karɓi ragama a 1994, kuma sai a watan Yunin 2008, bayan shekara 15, aka fitar da Wine 1.0. Tafinta ce: manhaja ta nemi abu da yaren Windows, ita ta juya buƙatar zuwa yaren Linux. Tafinta na gari kuwa ba ya gyara wa mai magana zance. In manhaja ta ce a rubuta a NUL, Wine ba za ta buɗe fayil mai wannan suna ba ko da Linux ta yarda, sai ta kai rubutun /dev/null. Don haka ta sake gina aikin nan na Windows mai tantance sunayen na'urori, RtlIsDosDeviceName_U, da duk ƴan halayensa.

Shin ko kun san Wine tana da ɗakin ajiyar sunaye? Folda ce mai suna dosdevices. A ciki za ku ga ƴan manunai: c: yana nuna foldar da ke tsaye a madadin faifan C, z: yana nuna dukan rumbun Linux, com1 yana nuna /dev/ttyS0, lpt1 kuma /dev/lp0. A da mutum ne ke ɗaura manunin com1 da hannunsa, amma tun daga Wine 2.8 ta 2017 ita ke gano kafofin da kanta. A kan Wine ɗin nan kamfanin Valve ya gina Proton a 2018, wadda ke tafiyar da wasannin Windows a na'urar Steam Deck ta 2022.

Shin ko kun san Cygwin ta bi hanyar ta baya? Ita kayan aikin Unix take kawowa cikin Windows, tun 1995. Daga fitowar 1.7 a ƙarshen 2009 ta riƙa zagaye ɓangaren nan mai duba adireshi tana magana da zuciyar Windows kai tsaye, saboda haka tana iya ƙirƙirar fayil mai suna aux ko nul. Sakamakon yana da ban dariya. Wanda ya saba rubuta > nul a cmd, in ya rubuta haka a allon Git Bash, wanda jikan Cygwin ne, ba rami zai samu ba: fayil na gaske mai suna nul zai bayyana, kuma in ya zo goge shi da linzami ya ƙi gogewa.

Shin ko kun san kowace manhaja da irin maganinta? Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara a Ostireliya a 1992 don kwamfutocin Windows su ga fayilolin Unix ta hanyar sadarwa, takan nuna wa Windows wani sunan aro mai alamar ~ a ciki. 7-Zip ta Igor Pavlov, in tana warware ƙunshin fayiloli ta ci karo da aux, sai ta sa masa ƙaramin layi a gaba ya koma _aux. OneDrive ta Microsoft kuwa ba ta wahalar da kanta: ƙin karɓa take yi, har ta ƙara COM0 da LPT0 a jerin.

Shin ko kun san rubutun manhajar Linux kansa ya daɗe yana ƙin sauka cikakke a kan Windows? A ɓangaren nouveau, mai kula da katin hoto na Nvidia, an yi shekaru da fayiloli masu suna aux.c da aux.h. Wanda ya jawo rubutun da manhajar Git a kan Windows sai ya ga saƙo cewa adireshin bai inganta ba. Git tana da wani makulli, core.protectNTFS, mai tare irin waɗannan sunaye, kuma tun Disamban 2019 a kunne yake zuwa a kowace kwamfuta.

Shin ko kun san suna mai baƙaƙe uku ya taɓa tsayar da aikin jama'a masu yawa? A 2017 wani ya ɗora ƙunshin manhaja mai suna nul a rumbun harshen Rust. Kundin rumbun yana ware wa kowane ƙunshi fayil mai sunansa, don haka masu Windows suka kasa sabunta kundin gaba ɗaya har sai da aka cire shi. Daga nan aka hana rajistar irin waɗannan sunaye.

Shin ko kun san jerin yana da ƴan rakiya shida da ba kowa ya sani ba? Windows tana ɗaukar ƙananan lambobin nan na bisa, ¹ da ² da ³, a matsayin lambobi na sosai, saboda haka COM¹, COM², COM³, LPT¹, LPT² da LPT³ su ma a keɓe suke. Masu harshen Go sun fitar da gyaran tsaro a Nuwamban 2023 saboda mai tantance sunayensu ya tsallake waɗannan. Node.js ta yi nata gyaran kan sunayen na'urori a Yulin 2025. Python 3.13 ta Oktoban 2024 ta zo da os.path.isreserved don mai rubuta manhaja ya tambaya kafin ya ajiye.

Shin ko kun san Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta ɗan saki igiya? Ta daina ɗaukar suna mai wutsiya irin aux.c a matsayin na'ura a wurare da dama. NUL dai yana nan daram, Microsoft kuma ba ta janye gargaɗinta ba. Fayil ɗin da sabuwar kwamfuta ta karɓa a Maraɗi yana iya ƙin buɗuwa a tsohuwar da ke ofishin ƙauye.

A gida

Shin ko kun san masu gyaran waya sun fi kowa mu'amala da COM? Ku tsaya kusa da mai filashin a kasuwar Tasawa ko ta Farm Centre a Kano. Zai kashe wayar, ya riƙe maɓallin ƙara, ya jona kebul, idonsa a kan jerin na'urori. Waya mai injin MediaTek, irin na Tecno da Itel da yawa, takan leƙo a matsayin kafar COM na ƴan daƙiƙu ta ɓace, mai injin Qualcomm kuma ta fito da lamba 9008 da COM a gefenta. Babu tsohuwar kafa a jikin kwamfutar, USB ce ke sanye da rigar COM. Haka modem ɗin intanet mai kama da kile na USB yake yi, da ƙananan firintocin rasit da yawa.

Shin ko kun san COM10 ba ya cikin jerin? Kuna iya raɗa wa folda wannan suna. Amma abin yana da ɗaci ta wani gefen: kwamfutar da aka jona wa wayoyi iri-iri lambobinta kan haura 9, tsohuwar manhaja kuma ba ta ganin kafar sai an rubuta \\.\COM10. Shi ya sa gwanaye ke shiga saitin kafar su dawo da lambar ƙasa.

Shin ko kun san ban da sunaye akwai alamomi tara da aka hana? Su ne < > : " / \ | ? da *. Saboda haka kwanan wata irin 03/08/2024 ba zai shiga sunan fayil ba, haka ma cikakkiyar lambar doka mai karan tsaye-tsaye a tsakanin baƙaƙenta. Suna kuma ba ya ƙarewa da ɗigo ko da fili.

Shin ko kun san baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba su da laifi? NTFS tana ajiye sunaye da tsarin Unicode, har tsawon baƙaƙe 255, don haka ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duk suna shiga, haka ma 'y da ake rubutawa a Najeriya. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Inda ake tuntuɓe shi ne tsoffin manhajoji da ba su san Unicode ba: sukan mayar da ɗ alamar tambaya, alamar tambaya kuma tana cikin taran da aka hana.

Shin ko kun san maganin duk wannan bai kai minti ɗaya ba? In fayil mai suna nul ya maƙale, a ce a foldar aiki ta faifan C, ku buɗe cmd ku rubuta del \\?\C:\aiki\nul. In folda ce mai suna con kuma babu komai a ciki, rd \\?\C:\aiki\con. Ku duba adireshin da kyau kafin ku danna Enter, don abin da aka goge ta nan ba ya biyawa ta kwandon shara. Rigakafi kuwa ya fi magani: ku ƙara wa suna kalma ɗaya, ku sa karan kwance a kwanan wata, ku fara da shekara. PRN ta zama dokokin-PRN, COM1 ta zama Maradi-1, rahoton wata ya zama 2024-08-03-rahoto. Irin wannan suna zai wuce daga waya zuwa kile, daga kile zuwa kowace kwamfuta, kuma fayilolinku za su jeru da kansu bisa kwanan wata.